Wasiƙun sojan yaƙin basasa da abin da ba a rubuta a ciki ba

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka. Ka ce ka tarar da wasiƙun da ya aiko gida lokacin yaƙin Biyafara, amma duk gaisuwa ce, babu labarin bakin daga, kana son sanin yadda suka rayu a can. Kusan duk wasiƙun haka suke, kuma akwai dalili.

Ina firamare a Zariya lokacin, ni nake karanta wa kakata takardun baffana, har da na wasu gidaje a unguwarmu. Kafin a fara yaƙi a watan Yuli 1967 sojan Najeriya wajen dubu 10 ne, ana gamawa a Janairu 1970 sun kai kimanin dubu 250. Galibin waɗanda aka ɗiba manoma ne da 'yan dako da almajirai, makonni kaɗan a dafo, wato barikin horar da sababbin sojoji, sai a ɗora su a jirgin ƙasa. Har mazan jiya na yaƙin Bama, wato ƙasar Burma a yaƙin duniya na biyu, aka sake kira. Da yawansu ba su yi boko ba. Mai ajami ya rubuta da kansa, wanda ba shi da shi sai ya nemi wani kofur ya rubuta masa. Ka ga magana ta bi ta hannun abokin aiki, ta zo ta fita ta bakin yaro irina, a tsakar gida, mata sun kewaye shi. Wane namiji zai ce yana jin tsoro a irin wannan takarda?

Shi ya sa kullum salon ɗaya ne: takarda ta fito daga hannun wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Sai jerin sunaye, kowa da tasa gaisuwar, don in aka tsallake gwaggo ɗaya an ja magana. Sannan a tambayi damina, ko an biya haraji, ko fam biyun da aka ba wane sun iso. Kakata kan karɓi takardar bayan na gama, ta shafa ta a fuska, ta ninke ta sa a ƙasan kwalla.

Sauran labarin sai bayan shekaru baffa ya riƙa ba mu, guntu-guntu, in hira ta yi daɗi da dare. Yana runduna ta ɗaya ta Kanal Muhammadu Shuwa, wadda ta ci Nsukka da Inugu a 1967, ta shiga Umuahiya a Afirilun 1969. Ya ce zaman jira ya fi faɗa yawa nesa ba kusa ba. Ka haƙa rami, ruwan sama ya cika shi, ka kwana a ciki da bindiga a ƙirji. Takalmi ba ya bushewa, har tsakanin yatsu ya yi fari ya tsage. Ga sauro ga zazzaɓi. Mutumin da ya tashi da tuwon dawa da miyar kuka sai ga shi kan garin rogo da doya da manja. Azumi uku suka yi a yaƙin, wani ya kai, wani ya sha ya rama daga baya. Salla kuwa sau da yawa da taimama, takalmi a ƙafa, wasu na yi wasu na gadi. Abin da suka fi tsoro shi ne Ogbunigwe, nakiyar da 'yan Biyafara suka ƙera da kansu, sai kuma daji mai duhu wanda ba ka ganin mai harbinka.

Abu ɗaya ne in ya zo kansa sai muryarsa ta canza: yaran ƙauyukan da suka shiga, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafafu kamar sillen kara. Ya ce yakan raba musu abincinsa, amma har ya rasu yana nema wa kansa gafara a kan abin da idonsa ya gani. Wannan bai taɓa shiga takarda ba.

Don haka kada ka raina waɗannan wasiƙu. Duba kwanan wata da sunan garin da ke sama, ka jera su bi da bi, za ka ga hanyar da rundunarsa ta bi. In ka ga Asaba ko Onica, mai yiwuwa ta Murtala ce. In Fatakwal ko Kalaba ne, ta Kanal Benjamin Adekunle ce, wadda Obasanjo ya karɓa a 1969. Lura da abin da yake roƙo a aiko masa, goro ko yaji ko laya, nan ne halin da yake ciki yake leƙowa. Inda ka ga watanni sun wuce babu takarda, tambayi tsofaffin gidanku me ya faru a lokacin, musamman matan, su suka fi riƙe wannan. Ka ɗauki hoton kowace da waya kafin gara ta riga ka, na ajamin kuma ka kai wa dattijon malami ya karanta maka kana naɗar muryarsa.