Kafin ka nemi bizar Jamus, cire Hitila daga bakinka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka tambaye ni ko da gaske karatu kyauta ne a Jamus, da ko yaƙin Yukren yana taɓa mu a nan Hamburg. Da a nan ka tsaya, da layi biyar sun ishe ni amsa. Sai ka ƙara da cewa tun kana sakandare kake son Jamusawa, wai Hitila namiji ne, wai an ragargaza musu ƙasa a Yaƙin Duniya na Biyu amma cikin shekara goma suka miƙe, mu kuwa lalaci ya gama da mu. Wannan ƙarin ne ya zaunar da ni rubutu bayan na taso daga aikin dare.

Maganar kuɗin makaranta gajera ce. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, sai 'yan ɗaruruwan Yuro na rajista kowane zango, ban da jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 a zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba. Tun 2024, kafin a ba ka bizar karatu, sai ka zuba Yuro 11,904 a asusun da za a kulle, a riƙa sakar maka 992 a wata. An yarda ɗalibi ya yi aikin cikakkun kwanaki 140 a shekara. Ka juya wannan zuwa Naira ka nuna wa babanka, sauran kuma ka karanta a shafin jami'ar, ai ba yaro ba ne kai.

Wannan wasan da kuke yi da sunan Hitila a majalisar mai shayi, a nan laifi ne mai kai mutum gaban alƙali. Ɗaga hannu irin gaisuwar 'yan Nazi, wato jam'iyyar Hitila, ko nuna tambarinsu yana iya jawo ɗaurin shekara uku. Musanta kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa miliyan 6 a bainar jama'a yana iya kaiwa shekara biyar. A 2017 'yan sanda sun kama wasu 'yan yawon buɗe ido biyu daga Sin a gaban ginin majalisar dokoki a Balin, don kawai sun ɗaga hannu suna ɗaukar hoto. Su sun biya beli aka sake su. Kai da takardar zamanka ke hannun hukuma kowace shekara, me kake tsammani? Ka bi shafinka na Facebook ka share duk wani shirme tun yanzu.

Kuma wai a ina kuka samo cewa mutumin nan naku ne? A 1937 gwamnatinsa ta tattara ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka suka haifa da matan Jamus a yankin kogin Rhein, aka yi musu tiyatar da ba za su taɓa haihuwa ba. A watannin Mayu da Yuni na 1940, da sojojinsa suka shiga Faransa, sun riƙa ware baƙaƙen sojoji daga cikin waɗanda suka miƙa wuya suna harbewa, kamar yadda aka yi a ƙauyen Chasselay kusa da Liyon. Sojojin nan Faransa ta kwaso su ne daga ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, har da Nijar. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba, lokaci ne kawai bai ishe shi ya iso gare mu ba.

Ka san aikina, ina kula da tsofaffi a gidan jinya, kuma ba na jin kunyar faɗa, duk da na san abin da wasu ke cewa a gida, wai kawunka wankin tsofaffin Turawa yake yi. Da wannan wankin na gina wa kakarka ɗaki, kuma yau ni ne shugaban sashe, akwai Jamusawa a ƙarƙashina. A wurin nan na san abin da yaƙi ke bari a jikin mutum. Akwai wata tsohuwa da tana yarinya ƙarama lokacin da jiragen Ingila da Amurka suka ƙone Hamburg a ƙarshen Yuli 1943, aka rasa mutum wajen 35,000 cikin 'yan kwanaki. Ta manta sunan ɗanta, ba ta san wace shekara muke ba. Amma duk daren sabuwar shekara, da an fara harba wasan wuta, za ka same ta zaune a bakin gado ta sa takalmi, ta rungume jakarta, tana tambaya ta ina ake sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Idan muna canja mata zanen gado sai mun ci karo da gutsattsarin burodi a cikin rigar filo, wani har ya yi funfuna. Ba ma hana ta, sai dai mu musanya mata da sabo ba ta sani ba. Ranar Alhamis ta biyu a watan Satumba, da ƙarfe 11 na safe, ana gwada jiniyar gargaɗi a ƙasar baki ɗaya. Tun daren Laraba muke bi ɗaki ɗaki muna gaya musu gwaji ne, amma duk da haka sai an samu mai kuka.

Wani tsoho kuma daga Gabashin Prusiya ya fito a kan keken doki cikin ƙanƙarar Janairu 1945, garinsu yau yana cikin Rasha. Irinsa Jamusawa wajen miliyan 12 aka koro ko suka gudo daga gabas. Ya ce da suka iso, 'yan uwansu Jamusawa ba marhabin suka yi musu ba, hukuma ce ta tilasta wa manoma su ba su ɗaki, kuma shekara da shekaru ana kiransu 'yan cin arziki. Ka riƙe wannan. Haka suka yi wa nasu, masu yarensu da launinsu.

To, maganarka ta cewa ƙwazo kaɗai ya tashe su. Suna da ƙwazo, ban musa ba. Amma sojojinsu sama da miliyan 5 suka mutu, har a 1946 mata sun fi maza da kimanin miliyan 7. Amurka ta zuba wa Yammacin Turai kusan Dala biliyan 13 daga 1948 a shirin Marshall na farfaɗo da ƙasashen bayan yaƙi. A 1953 aka zauna a Landan aka yafe wa Jamus ta Yamma kusan rabin bashin da ake binta a waje, gatan da babu ƙasar Afirka da ta samu irinsa cikin sauƙi. A cikin gida kuma sun yi wani abu da nake so ka yi tunani a kai: dokar 1952 ta ce wanda gidansa ko dukiyarsa ta tsira daga yaƙi zai biya rabin ƙimarta, a hankali cikin shekara 30, a taimaki waɗanda suka rasa komai. Ka faɗa mini attajiri nawa ne a garinmu za su yarda da haka saboda 'yan gudun hijirar Borno ko Zamfara. Da hannun aiki ya yi ƙaranci kuma, sai suka ɗauko na waje: Italiya a 1955, Turkiyya a 1961, Maroko a 1963. Jikokin waɗancan ma'aikata su ne masu masallatan da za ka yi Juma'a a ciki da shagunan da za ka sayi naman halal, kuma har yau akwai masu tambayarsu yaushe za su koma gida.

Gabashin ƙasar, wanda ya faɗa hannun Sobiyet da aka raba Jamus biyu bayan yaƙi, bai ma samu wannan gata ba. Tarayyar Sobiyet, wadda ta rasa mutum wajen miliyan 27 a yaƙin, ta kwance masana'antu da layukan dogo ta tafi da su a matsayin diyya. Har yanzu albashi a can bai kai na yamma ba. Shi ya sa za ka ga haya da araha a garuruwan gabas ka ce ka tsinci dami a kala. A can ne kuma jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta fi ƙarfi, ita ta zo ta ɗaya a jihar Thüringen a 2024, kuma a zaɓen ƙasa na Fabrairu 2025 ta samu sama da kashi 20 cikin 100. Ban ce kada ka je ba, akwai 'yan Afirka da ke karatu lafiya a Leipzig da Jena. Na ce ka tambayi baƙin mutum da ke zaune a garin kafin ka sa hannu a takardar haya.

Idan ka iso ka riƙa kallon ƙasa in kana tafiya. A bakin ƙofofin gidaje za ka ga ƙananan faranta na tagulla an dasa a daɓen titi, kowanne da suna, da shekarar haihuwa, da ranar da aka tafi da mutum, da inda aka kashe shi. Wani mai zane Gunter Demnig ya fara dasa su a shekarun 1990, yanzu sun haura 100,000 a faɗin Turai. A layinmu akwai huɗu a jere, suna ɗaya, miji da mata da yara biyu, an kai su Minsk a 1941. Daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Hannoverscher Bahnhof kaɗai an kwashi Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma da Sinti sama da 8,000. Kayan ɗakinsu gwanjo aka yi, maƙwabta suka saya da araha. Wani lokaci in na shiga gidan tsoho na ga katuwar durowa ta da, sai in kama kaina ina tunanin ta wa ce tun asali. Ba a tambaya.

Ina girmama su a kan wannan, don ƙasashe kaɗan ne ke dasa laifinsu a ƙofar gida. Amma kada ka ɗauka nadamar ta lulluɓe ka. A 1952 Jamus ta Yamma ta amince ta biya Isra'ila Mark biliyan 3. Kisan kiyashin da sojojinta suka yi wa Herero da Nama a Namibiya tsakanin 1904 da 1908 kuwa sai a 2021 gwamnati ta amsa sunansa, ta yi tayin Yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30, ta kuma ƙi kiransa diyya. Ni kaina wani tsoho ya taɓa cewa kada baƙin hannu ya taɓa shi, iyalinsa kuma suka nemi a canja ni, shugabar wurin a lokacin ta canja ni ba ta ce musu uffan ba. Wannan ya fi zagin titi ciwo, domin a bangon ofishinta akwai takardar yaƙi da wariya.

Abokiyar aikina 'yar Bosniya ce, Musulma, fara sol. Ta zo tana yarinya lokacin yaƙin 1992 zuwa 1995, wanda ya ci mutum wajen 100,000, aka kashe maza da samari Musulmi sama da 8,000 a Srebrenica a Yuli 1995, a garin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce yana ƙarƙashin kariyarta. Jamus ta karɓi 'yan Bosniya kusan 350,000, amma yawanci da takardar haƙuri da zamansu ta 'yan watanni. Babanta injiniya ne, ya shekara da shekaru ba izinin aiki, yana zaune yana kallon bango. Da aka sa hannu a sulhu, aka tura mafi yawansu gida. Duk mai gaya maka ka shigo kawai ka nemi mafaka, ka tambaye shi wace takarda ce a aljihunsa.

Yaƙin Yukren kuwa ya taɓa mu har cikin tukunya. Kafin Fabrairu 2022 fiye da rabin iskar gas da Jamus ke shigowa da ita daga Rasha take. Da aka rufe bututu, kuɗin ɗumama ɗaki ya yi tashin gwauron zabi, hauhawar farashi ta kusa kashi 9 cikin 100 a ƙarshen shekarar, man girki har ɓacewa ya yi daga kanti. 'Yan Yukren sama da miliyan ɗaya suka shigo, ga gidaje dama ba su isa ba. Ɗaki ɗaya a gidan haɗaka a Hamburg yanzu ka tanadi Yuro 600, daga cikin 992 ɗin nan naka, kafin inshorar lafiya. Gini ma a nan sai an fara duba ko akwai bam ɗin Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasa, kuma ana samu: a Yuni 2025 an kwashe mutum sama da 20,000 daga tsakiyar birnin Kolon saboda bama-bamai uku na Amurka da suka kwana shekara 80 ba su tashi ba. Zan iya ba ka kujerar falo na ɗan lokaci, fiye da haka mai gida ba zai yarda ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaranmu da ke karatun likita a biranen Kharkiv da Sumy na Yukren. Bam ɗaya ya koro su da 'yan ƙasar, amma a tashoshin jirgi da bakin iyakar Polan an riƙa tura baƙaƙe baya. Waɗanda suka iso nan, ɗan Yukren ya samu izinin zama da aiki da tallafi nan take, su kuwa Hamburg wata shida ta ba su su nemo gurbin karatu da kuɗin asusu, kuma ita ce ma cikin masu sassauci. Biyu sun kwana a falona. Ɗaya ya koma Kano da shekara huɗu ta karatu a banza, ɗayar ta haƙura da likitanci ta shiga koyon jinya, yanzu tana samun albashinta.

Kwas ɗin injiniyan motoci da ka ambata, ka sake tunani. Tattalin arzikin ƙasar ya ja baya a 2023 da 2024, Volkswagen ta sanar za ta rage ma'aikata 35,000 kafin 2030, kuɗin gwamnati kuma ya karkata ga soja, tun Yuro biliyan 100 da aka ware a 2022. Inda ake neman mutane ido rufe shi ne jinya, wutar lantarki, gyaran na'urorin ɗumama gida da kwamfuta. Ka fara koyon Jamusanci tun a gida har ka kai matakin B2, wato ka iya hira da karatu da shi ba tangarɗa, don da Turanci kaɗai ko aikin ɗaukar kaya sai ka sha wuya. Ka turo mini sakamakon jarrabawarka a hoto mai kyau, ba irin wancan da yatsanka ya rufe rabin maki ba. Ka gaida mamanka, ka ce maganin ƙafarta yana hannun mai zuwa a ƙarshen wata.