Tambayoyinku: Keken Lantarki, Keke Ne Ko Babur?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Tun da kuɗin fetur ya tashi nake ganin babura masu aiki da batir suna ƙaruwa a unguwarmu, kuma ina da niyyar saya wa ɗana mai shekara 13 guda ɗaya don zuwa makaranta, domin kuɗin a-daidaita-sahu ya fara yi mini nauyi. Mai shagon ya ce mini ba ya buƙatar lamba ko lasisi ko hular kwano, wai tun da ba shi da inji kuma ba ya shan mai, keke ne kawai. Shin haka abin yake? (Daga wani magidanci a Kano)

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, na fahimci abin da ya kai ka shagon nan, domin tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur babu magidancin da bai sake lissafin kuɗin motar 'ya'yansa ba. Sai dai maganar mai shago tana buƙatar gyara tun daga tushe. Abin hawan yana da inji, injin lantarki ne, kuma galibi a tsakiyar tayar baya yake ɓoye, shi ya sa ido ba ya ganinsa kamar yadda yake ganin salansa da tankin mai.

Ƙasashen da suka riga mu cika da waɗannan ababen hawa ba su tsaya tambayar abin da suke sha ba. Abin da suka auna shi ne gudu da ƙarfin inji da nauyi. A Tarayyar Turai, ana ɗaukar keken lantarki a matsayin keke ne kawai idan ƙarfin injinsa bai wuce wat 250 ba, idan injin ba ya taimakawa sai mahayi yana taka feda, kuma idan yana ɗauke taimakonsa da zarar gudu ya kai kilomita 25 a sa'a. Wanda ya zarce wannan iyaka, kamar masu kai kilomita 45, ya shiga sahun ƙananan babura, sai an yi masa lamba da inshora, mahayinsa kuma ya mallaki lasisi. Birtaniya ma wannan ma'auni take bi, ta kuma hana wanda bai kai shekara 14 ba hawa ko da mai sauƙin ne. Ita kuwa Sin, inda ake ƙera mafi yawan waɗanda ake kawo mana, kuma inda kekunan lantarki suka haura miliyan 300, dokar da ta yi aiki da ita daga watan Afrilun 2019 zuwa 2025 ta ƙayyade gudu a kilomita 25 a sa'a, ta ƙayyade nauyi a kilo 55 har da batir, ta kuma wajabta feda. Ka ga ke nan ƙasar da ta ƙera abin ba ta yarda da maganar mai shagonka ba.

Saboda haka idan ka koma shagon, ka dubi abin da kanka. Idan ba shi da feda, da totur ake murɗa shi, yana da kujerar ɗaukar mutum biyu, kuma agogon gudunsa yana kaiwa 45 ko 50, to babur ne, ko wane suna aka rubuta a jikin kwalinsa. Dokar hanya a Najeriya kuwa ta san babur: sai an yi masa rajista da lamba, sai da inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, sai mahayi yana da lasisi na rukunin A, wanda ba a ba ɗan ƙasa da shekara 18. Hular kwano ma tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta. Ga kuma ƙa'idojin jiha a kan na tarayya, kamar yadda mutanen Kano suka sani tun Janairun 2013 da aka hana acaɓa. Shawarata ita ce ka ɗauki takardar bayanin abin hawan ka kai ofishin lasisi kafin ka biya ko sisi, domin ranar da jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, suka tsayar da yaronka mai shago ba ya wurin.

Amma ba tsoron kamu ne ya fi damuna ba. Babur mai fetur yana sanar da zuwansa, mun kuma saba tun muna yara da tsallaka titi da kunne kafin ido. Wannan kuwa shiru yake tafiya. Kwanakin baya, bayan sallar Magariba, ina tsaye a bakin wani lungu na ga wani dattijo ya fito daga masallaci da buta a hannu, yana laluben takalminsa da ƙafa, sai ga yaro ya ɓullo daga kwana a kan irin wannan babur, babu fitila, babu ƙara, ƙanensa a goye. Allah ne ya kiyaye, hannun babur ɗin ya fizge butar kawai, dattijon ya zauna daɓas a gefen kwata yana salati, yaron kuma ya tsaya can gaba jikinsa yana rawa. Ban ga mugunta a fuskar yaron ba. Abin da na gani shi ne an danƙa masa gudun da bai san yadda ake tsayar da shi ba. Idan gudu ya ninka, tazarar da burki ke buƙata kafin abin hawa ya tsaya ninkawa take yi sau huɗu, kuma wannan lissafi bai san fetur ko batir ba.

Ni a ganina hukumominmu ya kamata su ja wannan layi a fili, su buga shi da Hausa, su sa masu shigo da kaya su manna iyakar gudu da ƙarfin inji a jikin kowane abin hawa, musamman da yake yawancin titunanmu ba su da hanyar keke ko ta masu tafiya a ƙasa, mai tallan kosai da ɗan makaranta da mai kura duk a kwalta ɗaya suke. Kafin a kai nan, yaro mai shekara 13 keken feda ya dace da shi, idan kuwa makarantar ta yi nisa, a haɗa kuɗin a-daidaita-sahu da maƙwabta.

TAMBAYA: Ɗana yana karatu a Ingila. Ya sayi sikuta ta lantarki, irin wadda ake tsayawa a kai, a shago ya saya da rasit ɗinsa, amma 'yan sanda sun ƙwace ta a titi. Ya ce kullum yana ganin mutane suna hawan irinta ta haya babu mai taɓa su. Wannan ba wariya ba ce? (Daga wata uwa a Zariya)

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan doka ta hau kan kowa. A Ingila sayar da sikuta ta lantarki halas ne, mallakarta ma haka, amma hawan ta kai, wato wadda mutum ya mallaka ba ta haya ba, a kan titi ko hanyar keke ko gefen masu tafiya a ƙasa laifi ne, sai dai a cikin fili mai zaman kansa da izinin mai filin. Dalili shi ne dokarsu ta sa ta a rukunin ababen hawa masu inji, waɗanda dole sai da inshora, ita kuwa ta kai ba ta cika sharuɗɗan da za a yi mata rajista ba. Na haya da yake gani suna ƙarƙashin wani gwaji ne da gwamnati ta fara a watan Yulin 2020 a wasu garuruwa, kamfanin haya ne ke ɗaukar inshorarsu, an taƙaita gudunsu, kuma ba a ba mutum sai yana da lasisin tuƙi ko da na koyo ne.

Ki gaya masa kada ya sayi wata. Hawa babu inshora kan jawo tarar fam 300 da makin laifi shida a kan lasisi, kuma sabon direban da ya tara maki shida cikin shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi soke masa lasisin ake yi. Idan abin hawa yake so, keken lantarki mai feda wanda bai wuce wat 250 ba ba ya buƙatar lasisi a can.

Kowace ƙasa da tata hanyar, don haka kada ya ɗauki abin da ya gani a wani gari ya yi aiki da shi a wani. Jamus ta halatta sikuta tun Yunin 2019 da sharaɗin gudun kilomita 20 da alamar inshora. Birnin Faris kuwa akasin Ingila ya yi: a ƙuri'ar da aka kaɗa ranar 2 ga Afrilun 2023, kusan kashi 89 cikin ɗari na waɗanda suka fito sun zaɓi a kori na haya, duk da cewa masu ƙuri'ar ba su kai kashi 8 cikin ɗari na masu rajista ba, aka kuma kwashe su a ƙarshen Agustan shekarar, alhali ta kai ba a hana ta ba.

TAMBAYA: Wuta da daddare take zuwa a unguwarmu, don haka a zaure nake jona babur ɗina mai batir a caji na kwanta. Akwai matsala? (Daga wani tela a Maraɗi)

AMSA: Akwai, Malam, kuma babba. Batirin litiyom idan ya lalace ko ya yi zafi fiye da kima yakan kama da wuta cikin ƙiftawar ido, da hayaƙi mai guba, kuma yakan sake tashi bayan an ɗauka ya mutu. Hukumar kashe gobara ta birnin New York ta ƙirga gobara 268 da irin wannan batir ya haddasa a shekarar 2023, mutum 18 suka rasu, a shekarar ne kuma birnin ya hana sayar da keke ko batirin da bai sami shaidar inganci ba. A birnin Nanjing na ƙasar Sin, gobarar da ta tashi daga wurin ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani bene a watan Fabrairun 2024 ta kashe mutum 15. Zaure shi ne ƙofar fitar iyalinka gaba ɗaya, saboda haka ka mayar da cajin tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, nesa da katifa da yadika da galan ɗin mai. Ka yi amfani da cajar da ta zo da babur ɗin, ka bar batir ya huce bayan tafiya kafin ka jona shi, ka cire shi kafin barci ya ɗauke ka. Idan ka ga ya kumbura ko yana wari ko ya taɓa faɗuwa har ya lotse, ka daina caja shi, kuma kada ka kai wa mai gyaran rediyo ya buɗe ya haɗa maka da tsofaffin batura.