Tambaya da Amsa: Na daina cin abinci don rigar bikina ta shige ni

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Saura mako shida bikina, kuma rigar da aka sayo mini daga Ingila mai lamba 12 ce, alhali ni 16 nake sawa. Yau kwana goma ke nan ba na cin komai sai kokwamba da ruwan lemon tsami, da dare kuma in sha shayin rage ƙiba. Na rage kilo uku, amma jiri yana ɗibata duk lokacin da na miƙe daga sujada, zuciyata kuma tana bugawa da sauri. Shin in daure in ci gaba?
Daga wata 'yar'uwa a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Ƙanwata, ina roƙonki ki dakatar da wannan tsari tun daga yau, domin jirin da bugun zuciyar da kika ambata alamu ne na cewa jikinki ya fara galabaita.

Kilo ukun nan yawancinsa ruwa ne, ba kitse ba. Idan mutum ya ƙaurace wa abinci, jiki yakan fara da ƙone sukarin da ya ajiye a hanta da tsoka, wanda yake riƙe da ruwa mai yawa, daga nan sai ya koma ƙona kitse tare da cin tsokar kanta. Da zarar kin koma cin abinci, nauyin zai dawo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shayin. Da yawa daga cikin irinsa suna ɗauke da ganyen filasko, wanda aikinsa sa zawo ne, kuma zawon yana fitar da ruwa tare da sinadarin fotashiyam da zuciya ke buƙata don ta buga daidai. An kuma sha gano sibutramine, wani magani mai rage sha'awar abinci, a ɓoye cikin kayan rage ƙiba, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ramewar gaggawa tana jawo tsakuwa a matsarmama, da ƙarancin jini, da rikicewar al'ada, sannan gashi yakan fara zuba bayan wata biyu zuwa uku, wato daidai lokacin da kike amarci a ɗakinki.

Ragin da likitoci suka yarda da shi rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya a mako. Ki ci sau uku a rana, ki rage yawan tuwo da shinkafa, ki ƙara wake, ƙwai, kifi da zogale, ki bar lemon kwalba da soye-soye, ki yi tafiyar minti talatin kullum. Ko da hakan, saukowa daga 16 zuwa 12 a mako shida ba abu ne da zan yi miki alkawarinsa ba. Lambar ma ba ta da tsayayyen ma'auni, domin 12 ta Ingila ita ce 8 a Amurka.

Ki kai rigar wurin ƙwararren tela ya auna ki yadda kike, ya buɗa ɗinkin gefe ko ya ƙara yadi mai dacewa a baya. Kafin nan kuma ki je asibiti cikin makon nan da kwalin shayin a hannunki, a auna hawan jininki, a gwada yawan jini da gishirin jiki. Idan kika suma ko ƙirjinki ya yi ciwo, kada ki jira wayewar gari.