Amsa ga Kawu: dalilin da muke jona motocinmu da wuta in sanyi ya shigo

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya tare da mutanen gida da yaran gareji. Allah ya ƙara girma.

Na saurari saƙon muryar da kuka aiko bayan kun ga hoton a-kori-kurata a ƙofar gida, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ta, ga waya ta fito daga hancinta ta shige soket a jikin bango. Kun tambaya ko motar lantarki na saya. Kun kuma ce an taɓa kawo muku wata motar kwatano kuka ga irin wannan fulogi a naɗe a ƙarƙashin bonet, kuka bi wayar har jikin inji, ba ku gane aikinta ba. Na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ba motar lantarki ba ce, gas take sha kamar manyan motocin da kuke gyarawa. Wayar da kuka gani ta hita ce, kuma hitar tana cikin inji.

Sai na fara ba ku labarin sanyin, don in ba a san shi ba wayar ba za ta yi ma'ana ba. Muku-mukun Kano, wanda ake hura wuta a bakin titi ana jin ɗumi, da asuba yakan sauko wajen digiri 12 sama da sifili. Firizar da ake daskarar da nama kuwa tana kan digiri 18 ƙasa da sifili. To a nan Edmonton ta ƙasar Kanada, a watan Janairu, a tashi da sanyin firiza ba abin labari ba ne, yara na tafiya makaranta, kowa na fita nema. Sai kuma a sami mako guda ko fiye da zai faɗa 30, 35, wani lokaci har 40 ƙasa da sifili. A irin wannan safiya, numfashin farko da mutum zai ja a waje yana jin gashin hancinsa ya daskare, kafin ya kai mota gemunsa ya yi fari. Kujerar mota ta koma kamar benci. Tayar da ta kwana a tsaye, gefen da ya taɓa ƙasa ya sandare a baje, sai an yi 'yar tafiya ana jin tana dukan ƙasa kafin ta koma daidai.

Ku da kuka shekara talatin hannunku cikin inji, kun riga kun hango abin da wannan zai yi masa. Baƙin mai shi ne na farko. Kun san yadda manja yake kamewa a kwalba da hunturu sai an ajiye shi kusa da murhu. Haka man inji yake yi. Mai kaurin nan na 20W-50 da ake zubawa a gida, in ya kwana a sanyinmu ko juya galan aka yi ba zai zubo ba. Mu masu ruwa-ruwa muke sa wa, irin su 0W-20 da 5W-30 a motocin fetur, 5W-40 ko 0W-40 a na gas, amma su ma suna yin kauri. In aka tayar da inji a haka, famfon mai yana fama kafin ya tura shi sama, kuma a 'yan daƙiƙun nan ƙarfe na gogar ƙarfe da ɗan abin da ya rage jiya. Na biyu batir. Sanyi yana kashe masa ƙarfi daidai lokacin da kik yake neman ƙarfi fiye da kullum don ya juya injin da mai ya riƙe. Na uku kuma ya shafi mu masu motar gas. Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi, zafin matse iska ne yake kunna man. In bangon silinda ya yi sanyin ƙanƙara, shi yake shanye zafin kafin man ya kama. Akwai hita-fulogi, wasu injinan kuma suna da abin ɗumama iskar da ke shiga, amma duk taimako ne na 'yan daƙiƙu. Shi kansa gas ɗin akwai kakin kyandir a cikinsa, in sanyi ya tsananta sai kakin ya fito ya toshe filta. Saboda haka gidajen mai a nan suke canja gas da kaka, su kawo na hunturu mai haɗi da mai sauƙi dangin kananzir.

Yanzu ga hitar. Kun tuna hitar da 'yan makarantar kwana suke tsomawa a bokiti su dafa ruwan wanka? Ita ce sak, sai dai gajera ce, ba ta wuce tsawon yatsa ba. Kun san marafan nan masu zagaye da ke gefen bulok, waɗanda in sun yi tsatsa suke yoyon ruwa. A yawancin injina ɗaya daga cikinsu ake cirewa a dasa hitar a gurbinsa, bakinta a cikin hanyar ruwan inji; wasu sababbin kuma an yi musu rami mai zare tun daga kamfani. In an jona ta, ruwan da ke kusa da ita ya yi ɗumi ya tashi sama, mai sanyi ya gangaro, haka yake zagayawa shi kaɗai ba famfo, har bulok ya ɗau ɗumi. Ta ƙananan motoci takan ci wat 400 zuwa 600, ta manyan a-kori-kura masu gas kuwa wajen wat 1000. Ba tafasa ruwan take yi ba. In kuka ɗora hannu a kan injin da safe ba za ku ce yana da zafi ba, amma in kuka murɗa makulli za ku ji bambanci. Wadda aka jona, juyi biyu ta kama, muryarta sumul. Wadda ba a jona ba sai ta yi ta nishi, in ma ta tashi ta dinga ƙara kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani, farin hayaki na tuttuɗowa daga salansa. Duk bakanike da ya ji wannan ƙara zai ji ta har cikin ransa.

Wani injiniyan lantarki mai suna Andrew Freeman ne ya ƙirƙiro ta a garin Grand Forks na jihar Dakota ta Arewa a Amurka, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1949. Tasa ta farko a gurbin ɗaya daga cikin kusoshin da ke ɗaure kan inji ake sa ta. Kafin nan mutanen wannan yanki ruwan zafi suke sheƙa wa inji, wasu su tsiyaye mai da dare su shiga da shi ɗaki, wasu su zuba garwashi a ƙarƙashin mota. Da na ji wannan sai na tuna direbobinmu, don dabarar talaka iri ɗaya ce ko'ina.

Ruwan lagireto kuma, a nan ba a zuba ruwan famfo zalla. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan kumburi ya isa ya tsaga bulok. Ana haɗa shi rabi da rabi da maganin hana daskarewa, wanda ke riƙe shi har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Da yawa daga cikinmu mukan ƙara maganin ya kai kashi 60. Tamostat ɗin da ake yawan cirewa a gida don gudun zafi, a nan in babu shi inji ba zai taɓa kai zafin aikinsa ba. Kuma ɗumin cikin mota daga ruwan injin nan yake zuwa, shi ne yake narkar da ƙanƙarar gilas. Wanda ya jona motarsa yakan ga hanya da wuri.

Ba kullum ake jonawa ba. Yawanci in aka ce dare zai kai 15 ƙasa da sifili sai a jona. Mu masu gas mukan fara tun kafin nan. Ba kuma a bukatar ta kwana tana ci. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Saskatchewan ta nan Kanada ya nuna bayan awa 4 ɗumin ba ya ƙaruwa da wani abin kirki, asarar wuta ce kawai. Lissafin mai sauƙi ne ga duk mai mitar kati: wat 1000 na awa 4 yunit 4 ke nan, in ta kwana awa 12 yunit 12. Don haka nake da ɗan agogon soket da yake sakin wuta da kansa. Ina fita ƙarfe 6, na saita shi ƙarfe 2 na dare. A Disamba rana ba ta fitowa sai kusan ƙarfe 9 saura, ta faɗi 4 da 'yan mintoci, Asuba kuma tana shiga bayan 6 da rabi, saboda haka duk mai son jam'i kafin aiki cikin duhu da tsananin sanyi zai tayar da mota. Garin nan yana da tsohon tarihi da Musulunci, masallacin Al-Rashid da aka buɗe a 1938 shi ne na farko da aka gina a duk Kanada. Na sha tsayawa a sahun Asuba ina tunanin yadda mutanen wancan zamani suke isowa, alhali hitar nan ba ta fito ba tukuna.

Abin da na fi so ku sani, Kawu, shi ne yadda wayar nan ta shiga zumuncinmu. Mu Hausawa a nan ba mu da yawa, mun san juna. Wanda zai kama hayar gida, abin da muke fara ce masa ya tambaya shi ne ko wurin ajiye mota yana da soket, domin gidajen haya da wuraren aiki da dama suna da 'yan gajerun turaku a jere, kowanne da soket a kansa. Baƙon da ya zo daga wani gari zai kwana, bayan an nuna masa makwanci sai mai gida ya ɗauko doguwar waya su fita tare a jona motarsa. Yadda a da ake ɗaure wa baƙo dokinsa a ba shi harawa, haka nake jin abin.

Shekarun baya wani yaro ɗan wajenmu ya zo karatu, yana ɗan aikin dare a wani sito. Ya tara kuɗi ya sayi tsohuwar mota da aka kawo daga wajen Vancouver, inda sanyi ba ya kai ga haka, ba hita a jikinta, shi kuma bai san ana tambaya ba. Sanyin farko da ya faɗa 30, ƙarfe 5 da rabi ya kira ni muryarsa na rawa. Mu uku muka je. Muka haɗa batir da batir, injin ya juya sau biyu da ƙyar ya tsaya. Yana tsaye da takalmin da bai dace ba, hannunsa ya ƙi lanƙwasuwa, sai da na tura shi cikin motata ya zauna. Ƙarshe jan ta muka yi zuwa garejin wani ɗan'uwa mai ɗumi, ta wuni a ciki kafin ta tashi. Ya rasa aikin ranar, ya sayi sabon batir, ya biya kuɗin sa hita. Abin ya tsaya mini a rai, domin laifinmu ne mu da muka riga shi zuwa ba mu gaya masa ba. Tun daga nan, duk Oktoba in mun haɗu bayan Juma'a, sabon zuwa sai an buɗe bonet ɗinsa an duba: akwai waya ko babu, wane mai ke ciki, shekarar batir nawa, tayar hunturu fa.

Tana da nata haɗari, ba zan ɓoye ba. Wayar tana shan gishirin da ake zubawa a titi, tana shan lanƙwasa cikin sanyi, robar ta tsage, kuma kowace shekara akan ji motar da ta kama da wuta ta wannan hanya. Shi ya sa nake duba tawa daga fulogi har jikin inji kafin hunturu, nake sayen doguwar waya mai kauri da aka yi don waje, ba na kuma jonawa a cikin garejin da ke manne da gida. Wanda bai cire ba ya ja mota, ya tsinke waya ko ya fizge soket. Da yawa mukan rataya wayar a kan madubin direba don kada a manta. Mafi muni shi ne wanda zai tayar da mota a rufaffen gareji wai ta yi ɗumi. Hayaƙin nan shi ne na janareto da yake kashe iyali guda cikin barci a gida, Allah ya kiyaye.

Za ku yi mamaki in na ce mu ma an taɓa roƙonmu mu rage wuta. A Janairun 2024 sanyi ya kai digiri 45 ƙasa da sifili a filin jirgin saman Edmonton. Ranar Asabar 13 ga wata da yamma wayoyinmu suka yi ƙara gaba ɗaya da sanarwar gaggawa daga hukumomin lardinmu na Alberta, cewa wutar lardin na dab da gazawa, a kashe fitilun da ba dole ba, a jinkirta cajin motocin lantarki da jona hitar inji. Cikin mintoci kaɗan mutane suka rage, ba a kai ga ɗauke wuta ba. A daren na kashe duk abin da zan iya kashewa, na zauna ina tunanin gidajen da ke da jarirai. Da ƙarfe 2, lokacin da matsin ya wuce, agogon ya saki wuta, da safe motar ta tashi.

Game da motar kwatanon da kuka gani, alama ce daga Kanada ko arewacin Amurka ta fito. Ku leƙa ƙarƙashinta da kyau, gishirin titi yana cin shasi da bututun birki. Fulogin kuwa kada wani yaro ya yi gwaji da shi. An yi hitar don wutar nan mai bolt 120, ta gida kuwa 230 ce. In aka jona ta za ta ja ƙarfi kusan ninki huɗu ta ƙone. Ku cire wayar ko ku naɗe ta nesa da fanka da salansa, ita hitar kuma ku bar ta a gurbinta, don ita ce marfin ramin. Sai dai in ta fara yoyon ruwa, nan sai a cire a buga marfi irin na asali.

A gaida Inna da su Yaya. In an kawo muku wata mai wayar, ku ɗauko mini hoton gefen bulok ɗin in nuna muku inda take.