Ku Tambaya: Me ya sa ta harbe shugabar 'yan tawaye?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Tawa. Ni da ƙawayena mun kalli The Hunger Games tun daga fim na farko har na ƙarshe a wayar yayana. Ƙarshen ya ɓata mini rai. An miƙa wa Katniss, jarumar fim ɗin, baka don ta kashe azzalumin shugaba Snow, sai ta juya ta harbe Coin, matar da ta ja ragamar tawayen. Wannan ba cin amana ba ne? Ƙawayena sun ce marubuciyar ce ta rasa yadda za ta rufe labari.

Amsa: 'Yata, ki gaida ƙawayenki, amma ban yarda da su ba. Ni a wurina kibiyar nan ita ce ta sa labarin ya cancanci daren da kuka kashe a kansa.

Ki tuna abin da ya tayar da fitinar. A ƙasar Panem, kowace shekara ana ɗebe yara biyu daga kowace gunduma cikin 12, su 24 ke nan, a zuba su fili su kashe juna, masu mulki na kallo a talabijin kamar kokawa. Wannan ne ya sa talakawa suka tashi. To da aka ci birni, mece ce shawarar farko da Coin ta kawo? A sake wasan sau ɗaya, amma da 'ya'yan waɗanda aka kayar. Ga kuma ƙanwar Katniss, wadda saboda ita ta shiga filin tun farko, ta mutu a ruwan bama-baman da alamu suka nuna daga ɓangaren 'yan tawaye ya fito. Snow kuwa yana ɗaure, tsoho, yana tarin jini, ba ya da sauran abin da zai yi wa kowa. Coin ce ke shirin hawa kujera, kuma ba ta ko zauna ba ta fara neman 'ya'yan mutane.

Marubuciyar, Suzanne Collins, ta fitar da littafin farko a 2008, na uku a 2010, kuma in kin samu na ukun ki karanta. Fim ya yi gaggawa a wurin nan, littafin ya fi nuna yadda yarinyar ta daɗe tana zargin matar.

Ba Collins ce ta fara wannan tunani ba. A 1945 George Orwell ya fitar da labarin dabbobin da suka kori mai gona, Bala A. Funtua ya mayar da shi Hausa a 1975 da sunan Gandun Dabbobi. Aladu suka ja gaba, suka rubuta dokoki a bango, sannan suka riƙa gyara su da dare har suka koma kwana a gado suna tafiya da ƙafa biyu. Ni dokin nan mai ƙwazo ya fi ba ni tausayi, ya yi bauta har ƙarfinsa ya ƙare, aka sayar da shi ga mahauta.

Inda nake da ƙorafi a kan fina-finan shi ne wajen soyayya. An ɓata lokaci ana tambayar wane saurayi za ta zaɓa alhali gari na ci da wuta, kuma raba littafi ɗaya zuwa fim biyu, 2014 da 2015, neman kuɗi ne kawai.

Tun da kina son mata masu baka, ki nemi littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, 1980, labarin sarauniyar da ta yi tsayayya da Faransawa, ko fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986. Tushensa yaƙin Lugu ne na 1899, a ƙasar Arewa, kudu maso yamma da ku.