Ku Tambaya Mu Amsa: Aiki, Yawon Daji da Farauta a Niyu Zilan

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan ƙasa ɗaya, Niyu Zilan, daga masu shirin zaman shekara ɗaya ko biyu a can kafin su dawo gida.

Tambaya: Na ji ana ba matasa bizar da za su yi aiki su kuma yi yawon buɗe ido na shekara guda. Da fasfon Najeriya zan samu? Daga wani matashi a Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan bizar akwai ta, amma yarjejeniya ce tsakanin Niyu Zilan da wasu ƙasashe kamar Ingila, Jamus, Kanada, Japan da Malesiya, ga 'yan shekara 18 zuwa 30, wasu har 35. Najeriya, Nijar da Ghana ba sa ciki. Duk dillalin da ya ce zai samo maka ita da koren fasfo, kuɗinka yake so.

Ƙofar da ke buɗe gare ka biyu ce: karatu, ko bizar aiki da ake kira AEWV, wadda aka fara a 2022. A wannan, kamfanin da gwamnati ta tantance ne yake ba ka aiki, kuma bizar tana ɗaure da shi, ba ka sauya wurin aiki sai hukumar shige da fice ta amince. Doka ta hana mai ɗaukar aiki karɓar kuɗi a hannunka don ya ba ka gurbi. Bizar ziyara kuwa ba ta ba ka damar aiki ko na yini ɗaya. Ko kwana da abinci kawai manomi zai ba ka a madadin ɗibar tuffa, a wajen hukuma aiki ka yi.

Ranar sauka, kada ka ɗauko kilishi ko zuma. Duk abin ci da ke jakarka ka bayyana shi, haka takalmin daji da tanti in an taɓa amfani da su, domin suna duba ƙasa da irin ciyawar da ke maƙale a jiki. Mantuwa kawai tana jawo tarar dala 400 ta ƙasar nan take.

Tambaya: Ni mahauci ne, na samu aikin yanka na halal a wata mayanka a tsibirin kudu. Yaushe zan samu lokacin shiga daji? Daga Kano.

Amsa: Malam, ka fara da juya kalandarka. Lokacin zafinsu Disamba zuwa Fabrairu ne, hunturu kuma Yuni zuwa Agusta. Mayankar tumaki tana cika da aiki ne daga ƙarshen shekara har wajen Mayu, wato daidai lokacin da daji ya fi daɗin shiga. Da hunturu aiki yakan ja baya, amma a lokacin duwatsu sun rufe da dusar ƙanƙara. Don haka ka dogara da ranakun hutun mako don gajerun fita, ka kuma nemi hutunka tun da wuri ka ɗora shi a Maris ko Afrilu. Doka ta ba ma'aikaci hutun mako huɗu da albashi bayan ya cika wata 12.

Makon farko ka nemi lambar haraji ta IRD. In babu ita, kashi 45 cikin 100 za a riƙa cirewa daga albashinka. Ka kuma san cewa tsarin ACC yana ɗaukar nauyin jinyar hatsari ga kowa, har baƙo, ko a kan dutse ka karye. Ciwo na yau da kullum ba ya ciki, wannan sai inshora.

Tambaya: Ina karatu a Dunedin, zan gama a ƙarshen shekara. Ina so in yi tafiyar ƙafa ta kwana uku ko huɗu a daji kafin in dawo, amma ina tsoron maciji da namun daji. Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki a kan wannan. Babu maciji a dajin ƙasar, babu kura, babu damisa. Masu cizo su ne wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe da suka yi yawa a gabar yamma da yankin Fiordland na tsibirin kudu, sai rina a wasu dazuzzuka da rani. Abin da ke kashe mutane a can ruwa ne da sanyi da faɗowa daga dutse.

Hukumar kula da gandun daji, DOC, tana da bukkokin kwana fiye da 950 a cikin daji. Ga mai farawa, manyan hanyoyinta da ake kira Great Walks su suka fi dacewa, domin an gyara su kuma akwai gadoji. Kepler kilomita 60 ce, kwana uku zuwa huɗu, tana farawa ta ƙare kusa da garin Te Anau. Milford kilomita 53.5 ce, kwana huɗu, mutum 40 kawai ake bari su fara ta a rana in ba tare da 'yan rakiya na kamfani ba, shi ya sa gurbinta kan ƙare da zarar an buɗe rajista. Lokacinsu daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu ne. Bayan nan ana cire wasu gadoji saboda zaftarewar ƙanƙara, hanyar ta koma ta ƙwararru.

Yankin Milford yana samun ruwan sama sama da mita shida a shekara, a kan duwatsun da ba sa riƙe ruwa. Ƙoramar da kika tsallake da safe iyakarta idon sawu, da la'asar tana iya kai ƙirji. Kada ki shiga ruwa in ya yi launin ƙasa, ko yana gudu fiye da saurin tafiyarki, ko kina jin ƙarar duwatsu suna birgima a ƙarƙashi, ko yana ɗauke da itace. Ki zauna ki jira. Kamar yadda yake cika da sauri haka yake janyewa, sau da yawa kwana ɗaya ya isa. Wannan shi ne dalilin ɗaukar abincin kwana ɗaya fiye da lissafi. In ruwan na tsallakuwa ne, ba a cire takalmi, ana kwance igiyar ƙirji ta jaka, mutum biyu ko uku su riƙe juna ta baya su jera, mafi ƙarfi a ɓangaren da ruwa ke tahowa.

Tufafi kuwa, ki bar atamfa da wandon jins a gida. Auduga in ta jiƙe tana zuƙe ɗumin jiki, kuma ba ta bushewa. Rigar ciki ta ulu ko ta roba, rigar sanyi a kai, sai rigar ruwa mai hula, da hular sanyi da safar hannu ko da rani ne. Hijabi ma a samu marar auduga. Alamar sanyi ya fara yi wa mutum illa ita ce rawar ɗari, tuntuɓe, da magana tana harɗewa. A tsaya, a canza masa busassun kaya, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari.

Alamar hanya ƙaramin alwatika ne mai ruwan lemo da aka kafa a jikin itace. Mai ruwan hoda ko shuɗi na masu ɗana tarko ne, in kika bi su za su kai ki inda babu hanya. Waya ba ta samun sabis a yawancin wuraren nan, don haka ki yi hayar na'urar neman agaji, PLB, a shagon kayan daji, ki rataye ta a jikinki, kada ta zauna a cikin jaka. Ki bar wa wani sunan hanyar da ranar da ya kamata ki fito.

Tambaya: Gidanmu gidan mafarauta ne. Ina aiki a gonar shanu a Canterbury, saura mini wata goma. An ce farauta kyauta ce a nan, babu lokaci babu iyaka. Haka ne? Daga wani ɗan Bauchi.

Amsa: Rabin gaskiya aka gaya maka, Malam. In ka cire jemage, babu dabbar tudu mai shayarwa da ta samo asali a ƙasar. Barewa iri-iri duk shigo da su aka yi, haka akuyar dutse ta Himalaya da ake kira tahar, a 1904, da shamwa (wata dabba mai kama da akuya, ba shamuwa tsuntsuwa ba) da aka kawo daga Ostiriya a 1907. Sun yaɗu suna cinye daji, don haka a yawancin filayen gwamnati babu lokacin rufe farautarsu, babu adadi. Amma sai da takardar izinin DOC, wadda kyauta ce a intanet ga wuraren da ke buɗe, kuma tana da sharuɗɗa: babu harbi da dare, babu haska fitila, babu bindigar tsuntsaye mai watsa harsashi, babu bindigar da girman harsashinta ya gaza .222. Ba a harbi kusa da bukka, hanya ko zango. Kare sai da nasa izinin, saboda tsuntsun kiwi. Cinna wa daji wuta don koro nama kuwa, ko a mafarki. Tsuntsayen asalin ƙasar irin su kereru da kea doka ta kare su. Shiga gonar wani da bindiga ba da yardarsa ba laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku, kuma ga mai biza ƙarshen zama ke nan.

Bindiga ita ce mai wuya. Tun bayan harin masallatan Christchurch na 15 ga Maris 2019, inda aka kashe mutum 51, an haramta yawancin bindigogi masu sarrafa kansu, an kuma tsaurara ba da lasisi. Lasisin baƙi na mai zaman da bai wuce shekara ba ne, kuma ana neman shaidar cewa kana da izinin riƙe bindiga a ƙasarka. Cikakken lasisi yana buƙatar kwas, masu tsaya maka, ganawa da jami'i, da akwatin ƙarfe mai makulli, kuma yana cin watanni. Da wata goma a hannunka, shawararmu ka bar batun lasisi. Doka ta yarda marar lasisi ya yi harbi in mai lasisi yana tsaye daf da shi, inda hannunsa zai kai ga bindigar, bindiga ɗaya tsakaninsu. Ƙungiyar mafarautan barewa, NZDA, tana da rassa a garuruwa da yawa kuma tana koyar da sababbi.

Ƙarshen Maris zuwa Afrilu mazan barewa ke ruri, mafarauta su cika daji, wasu suna kwaikwayon rurin don janyo nama. A nan ake harbin mutum. Motsin ganye, sauti ko launi ba su isa hujja ba, sai ka ga kai, wuya da kafaɗa ka tabbatar dabba ce. In kun rabu da abokin tafiyarka har ba ka ganinsa, farauta ta tsaya sai kun haɗu. Ka sa riga mai ruwan lemo mai haske.

Bindigogin da aka fi amfani da su .243, .270 da .308 ne. A gwada saitin madubi a mita 100 kafin a fita. A auna bayan kafaɗa. In dabbar ta gudu, a jira minti 20 zuwa 30 kafin a bi sawu. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Mai duhu gauraye da ciyawa na ciki ne, a ƙara jira, domin in ka matsa mata za ta tashi ta ɓace.

Tambaya: Naman yana ciwuwa? Daga mai tambayar da ta gabata.

Amsa: A yi bisimilla lokacin harbi, in an tarar da ita da rai a yanka. Sauran bayani na malamai ne. Namu shi ne guba. Ana watsa wata guba mai suna 1080 daga jirgi mai saukar ungulu don kashe ɓeraye da fosom (wata ƙaramar dabba mai hawan itace), barewa ma takan ci. Ka duba taswirar guba ta DOC kafin ka fita, ka karanta allunan gargaɗi a bakin hanya, kada ka ci barewar da aka harba a wurin ko cikin kilomita biyu da iyakarsa. Ka feɗe nan take, ka duba huhu da kaluluwar wuya, in akwai ƙulli mai mugunya yana iya zama tarin fuka, a bar ta. A cire ƙashi don rage nauyi, a rataye naman a inuwa cikin jakar yadi ya huce. In ka cusa shi da ɗuminsa a leda, kafin ka kai mota ya yi tsami. Ci da kyauta sun halatta, sayarwa laifi ne.

Tambaya: Saura mini wata biyu in dawo. Me zan iya tahowa da shi? Daga wani ɗan Maraɗi.

Amsa: Nama dai a cinye shi a can. Ƙaho da fata a kai wa masu gyaran fata su dafa ƙoƙon kan, su busar, su haɗa maka takardun fitarwa, ka kuma tambayi hukumar killace dabbobi ta ƙasarka kafin ka biya kuɗin aikowa. Mai bindiga ya sayar wa mai lasisi ko dillali a can, shigo da ita Najeriya ko Nijar ba tare da izini ba babban laifi ne. Mota a sayar da ita mako biyu ko uku kafin tafiya, a sauya sunan mai ita a ranar, in ba haka ba tarar wani za ta riƙa zuwa da sunanka. Kada ka rufe asusun banki sai kuɗin hutunka da ragowar haraji sun shiga. Shekarar harajinsu tana ƙarewa ne ranar 31 ga Maris.

Daren da za ka haɗa kaya, ka zazzage jakar dajin gaba ɗaya, ka juya kowane aljihu na riga da wando, ka laluba ɗinkin ƙasan jakar da yatsa. Yawancin jiragen dawowa ta Doha ko Dubai suke bi, kuma a can harsashi ɗaya da ya maƙale a lungun jaka, ko kwanson da aka riga aka harba, ya isa a tsare mutum.