Ku Tambaya Mu Amsa: Wai yanzu waya ce ke juya gwamnati?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya ya ƙoƙari. Ni malamar firamare ce a Gusau, abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda yanzu za ka ji gwamnati ta sanar da abu da safe, mutane su yi caa a Facebook, kafin kwana biyu ka ji an ce an dakatar ko kuma wai ba a fahimce su ba ne. Shin saurarenmu suka fara yi ko dai tsoron surutu ne kawai? Don mu nan ajinmu rufin kwano ya yaye tun bara ba wanda ya leƙo.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, lafiya lau, Allah ya ba da ladan koyarwa. Toh ai kin amsa rabin tambayarki da kanki da kika kawo zancen rufin aji, amma bari mu bi ta a hankali.

Gaskiya ne abin da kika gani, ba idonki ba ne. A watan Mayun 2024 Babban Bankin Najeriya ya fitar da takarda cewa za a riƙa cire kashi 0.5 cikin ɗari a kuɗin da mutum ya tura ta waya ko ta banki, wai harajin tsaron intanet, aka yi ta kumfar baki a rediyo da soshiyal midiya, ƙungiyar ƙwadago ta sa baki, majalisar wakilai ta sa baki, ba a jima ba aka ce shugaban ƙasa ya dakatar. A Janairun 2024 ɗin dai takarda ɗaya ce ta fita ta zagaya wayoyi, mai nuna an nemi a tura naira miliyan 585 asusun wani mutum, cikin 'yan kwanaki aka dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu. Kafin nan a Oktoban 2020 matasa sun hana ƙasa sakat da zancen SARS har Sufeton 'yan sanda ya fito ranar 11 ga wata ya ce an rushe rundunar.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na yaran nan da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, da yawansu 'yan Kano da Kaduna. Kusan wata uku suna tsare, iyayensu suna ta kai gwauro suna kai mari, lauyoyi suna magana, ba wanda ya ko ɗaga kai. Ranar 1 ga Nuwamba aka kawo su babbar kotun tarayya a Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, wani ya ɗauka a waya, kafin la'asar bidiyon ya gama duniya. Ranar 4 ga wata aka ce shugaban ƙasa ya ba da umarni a sake su. Wata uku na takardu da roƙo bai yi abin da bidiyon 'yan mintuna ya yi cikin kwana uku ba. Kin ga in aka ce saurin labari bai amfani talaka ba an yi ƙarya, yaran nan suna gidajen iyayensu yanzu.

Sai dai ki lura da irin abubuwan da ake janyewa. Duk abu ne da ke da hoto, ko takarda guda da za a iya ɗauka a tura, ko mutum ɗaya da za a nuna da yatsa, kuma janyewar ba ta cin gwamnati wani kuɗi mai yawa. Ki kwatanta da canjin kuɗi na farkon 2023, wallahi ba a taɓa surutu irin na lokacin ba, bidiyon mutane suna kuka a bakin banki, masu POS suna sayar maka da kuɗinka, gwamnonin jam'iyya mai mulki da kansu suka kai gwamnatin tarayya ƙara, amma abin da aka samu shi ne ƙarin kwana goma, sai kuma tsohuwar ɗari biyu da Buhari ya ce a ci gaba da karɓa, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris sannan aka fara numfashi, shi ma ba nan take ba. Haka tallafin mai. 'Yan kalmomi kaɗan Tinubu ya faɗa da Turanci a dandalin Eagle Square ranar 29 ga Mayun 2023 cewa tallafi ya tafi, kafin ya koma gida gidajen mai sun fara rufe ƙofa, cikin kwana biyu litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500. Nan saurin labari talaka ya cinye, don kasuwa ta ji kafin a tanadi komai na rage raɗaɗi, kuma duk ihun da aka yi daga baya bai dawo da tallafin ba.

Abin da na fahimta shi ne masu mulki sun karanci tsawon numfashinmu. Sun san fushin waya kwana biyu ne ko uku, a rana ta huɗu wani malami ya yi wa wani raddi ko wata 'yar fim ta yi aure, shikenan an koma can. Saboda haka kowane gwamna yanzu yana da tarin masu taimaka masa kan kafafen sadarwa, aikinsu su auna ko wannan wutar mai mutuwa da kanta ce a yi shiru, ko mai ci ce a fito da sanarwa a kafa kwamiti. Kuma wannan yana canza irin aikin da ake zaɓa a yi tun farko. Gadar sama tana da hoto, ana iya ɗaukarta da jirgi mara matuƙi da daddare fitilu na walƙiya a sa mata kiɗa. Horar da malamai fa, ko biyan kuɗin fansho a kan lokaci, ko sa magani a asibitin ƙauye? Ba abin da za a ɗauka, sakamakonsa sai bayan shekara goma lokacin wani ne a kujerar.

Rufin ajinku yana cikin wannan layin na biyu Malama. Ba zan ce kar ku ɗauki hoto ku sa ba, ku sa, sau da yawa yana aiki, amma ku haɗa da takarda a rubuce zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin firamare ta jiha wato SUBEB ta hannun kwamitin iyaye na makaranta, ku ajiye kwafi mai hatimi da kwanan wata, don ranar da ɗan jarida zai tambaya a samu abin nuna masa. Kuma ki bari iyayen yara su yi fostin ɗin, ke ma'aikaciya ce, kin san halin abin.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, na haura sittin. A zamaninmu ɗan takara sai ya taka ƙauye ƙauye, ya kwana a garin mutane. Yanzu yarana suna ce min wai duk wanda ya fi tashe a TikTok shi zai ci zaɓe. Haka ne ko yarinta ce?

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya ƙara girma ya kawo kasuwa. Ka gaya wa yaran su kawo alƙaluman 2023 ku duba tare. Ba wanda ya kai Peter Obi tashe a Twitter a wancan zaɓen, in a can ake ƙirga ƙuri'a da tun kafin azahar an gama, amma da INEC ta sanar Tinubu na da wajen miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5 wanda kusan miliyan ɗaya daga nan Kano ta fito. Sai dai kar kai ma ka yi musu dariya da yawa Alhaji, don mutumin da aka ce ba shi da gwamna ko ɗaya ba shi da tsari a ƙasa ya ci Legas da Abuja, da babu waya da wuya hakan ta faru. Ita waya tana iya ɗaga mutum daga ƙasa ta kai shi tsakiyar fili, amma ba ta tsaron akwati, ba ta kai tsohuwa rumfar zaɓe a babur. A wannan zaɓen da aka fi kowane surutu, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba.

Kuma ai kai shaida ne a Kano, a Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta saki bidiyon nan na dala da aka zargi Gwamna Ganduje da karɓa, shi ya musanta, ba wayar da bai shiga ba, amma bayan zaɓen da aka ce bai kammala ba a Maris 2019 shi aka rantsar.

Wani abin da yaran ba su sani ba shi ne wannan saurin ba da TikTok ya fara ba. Lokacin da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 labari sai ya yi kwanaki a hanya kafin wani mai karatu ya karanta wa jama'a a gindin bishiya. Sashen Hausa na BBC ya zo a 1957, ya zama abin da aka faɗa a Landan da asuba shi ake tattaunawa a teburin mai shayi da hantsi. Dokar 1992 ta buɗe ƙofar gidajen rediyo masu zaman kansu, wayar salula ta shigo 2001, Freedom Radio ta buɗe a Kano 2003, daga nan ne sojojin baka suka samu gida. Ka san su ai, mutum ya sayi minti biyar da daddare ya yabi ubangidansa ya yi wa abokin hamayya habaici, gobe wancan ɓangaren su sayi nasu su rama, har ta kai ɗan siyasa bai isa ya yi barci ba sai ya ji me aka ce a kansa a shirin dare. 'Yan soshiyal midiya na yanzu da ake saya wa data ƙannensu ne, bambancin kawai su ba sa jiran ƙarfe tara ta yi, kuma ba manajan tasha da zai ce wannan kalmar a cire ta.

Abin da ya canza sosai shi ne yadda ɗan takara ke magana. Tunda ya san duk jawabin awa ɗaya daƙiƙa ashirin za a yanko, kuma inda harshensa ya sarƙe za a yanko ba inda ya yi bayanin noma ba, sai ya gwammace ya guje wa duk inda za a tsare shi da tambaya. A Janairun 2019 da aka shirya muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa Buhari bai je ba, Atiku ya zo wajen ya ga babu Buhari ya juya. A Disamban 2022 a cibiyar tattaunawa ta Chatham House da ke Landan Tinubu raba tambayoyin ya yi wa mutanen da suka raka shi. Ni a ganina wannan ita ce babbar asarar, an samu hanyar jin ɗan takara kullum amma an rasa wajen da zai zauna ya yi bayani mai tsawo a ƙure shi. Ga kuma dokar zaɓe ta 2022 da ta ce a tsayar da kamfen awa 24 kafin ranar zaɓe, rediyo da talabijin suna bi don suna tsoron hukumar NBC mai sa musu ido, amma wa zai hana saƙon murya yawo a WhatsApp ƙarfe biyun dare cewa wane ya janye wa wane? Kusan kowane zaɓe sai an yi wannan ƙaryar, kuma da gangan ake sakinta a lokacin da wanda aka yi wa ba shi da sauran damar shiga rediyo ya ƙaryata.

TAMBAYA: Salam. Ɗalibi ne ni a Zariya. Tunda ƙarya ta yi yawa haka me zai hana gwamnati ta rufe kafafen nan kawai lokacin zaɓe kowa ya huta?

AMSA: Wa alaikas salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. An gwada ai. A Yunin 2021 bayan Twitter ta goge wani saƙon Shugaba Buhari gwamnati ta dakatar da ita, abin dariyar ma a Twitter ɗin ma'aikatar yaɗa labarai ta sanar, aka yi wata bakwai sai Janairun 2022 aka buɗe. Me ya faru? Masu wayo suka sauke manhajar VPN mai tsallake toshewar suka ci gaba da zaginsu, masu sayar da atamfa da turare ta nan suka yi asara, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. Maƙwabtanmu na Nijar ma bayan juyin mulkin Yulin 2023 sun dakatar da RFI da France 24, jita-jita ba ta ragu a WhatsApp ba don an kashe rediyo.

Ƙaryar kam akwai ta ba musu, ka tuna zancen Jibrin na Sudan, wai Buhari ya rasu an kawo wani mai kama da shi, abu kamar wasan yara amma sai da shugaban ƙasa guda ya tsaya a Poland a Disamban 2018 yana rantse wa mutane cewa shi ne shi. Amma ka tambayi kanka me ya ba wannan ƙaryar ƙafa, ai watannin da ya yi yana jinya a Landan a 2017 ne ba a gaya wa kowa me ke damunsa ba. Inda hukuma ta yi gum nan masu ƙirƙira ke shiga. Sannan ka tuna wanda zai riƙe makullin rufewar shi ma ɗan takara ne ko uban gidan ɗan takara, ranar da za a rufe ba ranar da aka yi wa abokin hamayyarsa ƙarya ba ce. Ranar zaɓe kuma da wayar nan ce wakilan jam'iyyu da sauran jama'a ke ɗaukar hoton takardar sakamako a rumfa kafin ta kama hanyar cibiyar tattarawa, in ka kashe sabis ranar ka san wa ka yi wa aiki.

Masu tambaya kan kuɗin makarantar jami'o'i mun ga saƙonninku sun taru, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.